Kamfaninmu na zane yana son fitar da manhajar sarrafa shafi tasa: mu ci gaba ko mu dakata?

"Assalamu alaikum Malam. Mu biyar ne muke da ɗan kamfanin zane a Kano. Muna yi wa makarantu, asibitocin kuɗi da 'yan kasuwa tambari da shafukan intanet. Shekara shida ke nan muna aiki da WordPress, amma gaskiya mun gaji. Kullum sai kwastoma ya ɓata zanen da muka sha wahala a kai, ga ƙananan manhajojin ƙari da ake biya da dala, ga sabuntawa da ke karya shafi. Yaronmu mai rubuta manhaja ya haɗa mana tamu, mun gwada ta a shafuka uku kuma tana aiki lafiya. Muna so mu sa mata suna, mu ƙaddamar da ita, duk kwastomominmu su koma kanta suna biyan kuɗin wata. Shin wannan shawara ce mai kyau?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara wa sana'a albarka. Sai da na karanta saƙonka sau biyu kafin na fara amsawa, domin na taɓa tsayawa daidai inda kuke tsaye yanzu. In na fahimce ka da kyau, buƙatu biyu ka haɗa wuri guda. Kun gaji da kayan aikin da wasu suka ƙera, kuna son wanda zai bi umarninku. Sannan kuna son kuɗin da zai riƙa shigowa duk wata, ba sai an zauna jiran sabon kwastoma ba. Babu wanda zai ga laifinku a kan ko ɗaya. Abin da nake so ka duba tare da ni shi ne, ƙaddamar da manhajarku ba ita kaɗai ce hanyar biyan waɗannan buƙatu ba, kuma tana tafe da wani nauyi da ba ka ambata ba, wanda a wurina ya fi sauran girma.

Saboda masu karatun da ba sana'arsu ba ce, bari in ɗan yi shimfiɗa. Manhajar sarrafa shafi, wadda 'yan sana'a ke taƙaitawa da CMS, ita ce ɗakin bayan shafin intanet. Mai ziyara gaban shago kawai yake gani. Sakatariyar makarantar da ke son sanar da ranar dawowa hutu kuwa, ta wannan ɗaki take shiga da kalmar sirri, ta rubuta, ta ɗora hoto, ta danna, sanarwa ta fito ba tare da ta san harafi ɗaya na kod, wato rubutun umarnin da kwamfuta ke bi, ba. A ƙarƙashin wannan sauƙi akwai rumbun bayanai, da tsarin tantance wanda ke da izinin shiga, da wurin ajiye hotuna, da abin da ke haɗa rubutu da zane ya miƙa wa wayar mai karatu. WordPress ɗin da kuka gaji da ita, Matt Mullenweg da Mike Little ne suka fara ta a 2003, kuma yau fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kanta suke. Cikin takwarorinta, Drupal ta girme ta da shekara biyu, Joomla ta biyo baya a 2005.

Waɗanda suka riga ku bin wannan hanya

Ba zan ce maka ba a taɓa yi an ci riba ba, domin an yi. Misalin da na fi sani, kuma wanda ya fi kama da halinku, shi ne na Torchbox, wani kamfanin gina shafuka a Ingila. Sun daɗe suna yi wa mutane aiki da manhajar wasu, musamman Drupal. Sai suka samu kwangilar sake gina shafin Royal College of Art, babbar makarantar koyon zane da ke Landan. Ka ga kwastoman da aikinsa zane ne ba zai lamunci ɗakin baya mai muni ko mai wahalar sha'ani ba. A kan wannan aiki ne suka ƙera tasu, suka kira ta Wagtail, kuma a watan Fabrairun 2014 suka buɗe ta ga duniya kyauta. Yau shafin hukumar lafiya ta Ingila, NHS, a kanta yake, haka ma wasu shafukan NASA a Amurka.

Labarin yana da daɗin ji, amma ka lura da yadda aka yi shi. Ba zama suka yi a ofis suka ce mu ƙirƙiro haja mu nemo mata kasuwa ba. Akwai kwastoma na gaske da buƙata ta gaske, kuma kuɗin kwangilarsa ne ya ɗauki nauyin somin aikin. Sannan ba daga fili suka fara gini ba. Sun ɗora Wagtail a kan Django, wani harsashin rubuta manhaja da aka haifa a ɗakin labarai na wata jarida a garin Lawrence na jihar Kansas, aka sake shi ga jama'a a 2005. Duk abubuwan da ke da haɗari, irin su adana kalmar sirri, magana da rumbun bayanai da tace abin da baƙo ya rubuta a fom, Django ce ke riƙe da su, kuma ta riga ta sha gwaji kusan shekara goma kafin Torchbox ta hau kanta. Su nasu ƙoƙarin sun zuba shi inda suka fi kowa iyawa, wato yadda edita zai ji daɗin aiki. A 2015 suka kawo abin da suka kira StreamField, inda mai zane ke tanadar tubalan da aka yarda da su, kamar sakin layi, hoto da bayaninsa, ko zancen da aka ɗauko, edita kuma ya jera su yadda yake so amma ba shi da ikon canza launi ko salon harafi. Ka ji ainihin kukanka na farko ke nan, na kwastoma mai ɓata zane, an share shi tun 2015.

Abu mafi muhimmanci a wurina shi ne ba su kulle ta ba. Duk wanda Torchbox ta yi wa shafi, in sun saɓa gobe, zai iya kwasar kayansa ya kai wa wani kamfanin da ya iya Wagtail. Ba lasisi suke sayarwa ba, aikinsu da kulawarsu suke sayarwa, manhajar kuma ta zama tallar ƙwarewarsu. Silverstripe na birnin Wellington a New Zealand ma haka suka yi: kamfanin gina shafuka ne tun 2000, suka buɗe manhajarsu a 2006.

Akwai waɗanda suka bi hanyar sayar da lasisi kuma suka yi nasara. Pixel & Tonic a Amurka sun yi shekaru suna rubuta manhajojin ƙari na wata CMS mai suna ExpressionEngine, sun san masu saye kuma masu saye sun san su, kafin su fitar da tasu CMS ɗin, Craft, a 2013. Su ma a kan harsashin wasu suka gina, wanda ake kira Yii. Ga kuma 37signals na Chicago, kamfanin zanen shafuka da ya ƙera Basecamp a 2004 don tsara ayyukansa na cikin gida. Ba CMS ba ce, amma darasinta ya shafe ku: cikin kimanin shekara guda suka daina karɓar aikin zane gaba ɗaya, saboda hajar ta cinye lokacinsu. Manhajar da ta karɓu takan haɗiye kamfanin da ya haife ta. Ku tambayi kanku tun yanzu ko kuna shirye ku daina zama masu zane, ku koma masu amsa waya da gyaran kod.

Abin da shafuka uku ba za su nuna muku ba

Ka ce kun gwada ta a shafuka uku tana aiki lafiya. Na yarda. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Rubuta manhajar da za ta ajiye labari ta fito da shi, yaro mai ƙwazo zai yi cikin 'yan makonni. Wahalar tana shekara ta biyu da ta uku.

Bari in ba ka nawa labarin. Shekarun baya ina da ƙaramin ofis da yara biyu, muka rubuta tamu da harshen rubuta manhaja na PHP, muka ɗora shafuka goma sha ɗaya a kanta. Tana da sauri, tana da kyau, muna alfahari da ita. Yaron da ya rubuta mafi yawanta ya samu aikin da ya fi nawa albashi, na yi masa fatan alheri ya tafi. Bayan wasu watanni, da sassafe, shugaban wata makaranta ya kira ni muryarsa na rawa. Wani uba ne ya nemi sunan makarantar a Google, sai ga tallar caca a ƙarƙashin sunan. Na buɗe shafin a kwamfutata, komai daidai, hoton ɗalibai na nan, sanarwa na nan. Sai da na shiga jakar da ake ajiye hotuna a saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, na tarar da wani fayil a tsakiyar hotunan bikin yaye ɗalibai, wanda ba hoto ba ne, kod ne. Wurin ɗora hoto na manhajarmu yana gaskata abin da mai ɗorawa ya ce fayil ɗin ne, ba ya bincika cikinsa, kuma ba mu hana saba gudanar da kod daga wannan jaka ba. Wannan ƙofa ɗaya a buɗe take a dukan shafuka goma sha ɗayan. Kwana uku ban yi barcin kirki ba, ina karanta kod ɗin da ba ni na rubuta ba, wanda babu wani bayani a rubuce game da shi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne babu wani mutum a duniya da zai gargaɗe ni kafin abin ya faru, domin ba wanda ke duba manhajar sai mu da ɓarawon.

Za ka iya cewa ai su ma manyan ana kutsa musu. Haka ne. A ranar 15 ga Oktoban 2014 aka sanar da wata mummunar ɓaraka a Drupal 7, kuma daga baya masu kula da tsaronta suka fito suka ce duk shafin da ba a yi wa faci cikin awa bakwai da sanarwar ba, a ɗauka an riga an shige shi. Amma dubi ɗaya gefen: masu bincike ne suka gano ɓarakar suka kai rahoto, akwai ayarin da ya haɗa facin, aka sanar da duniya rana ɗaya. Ku wa zai yi muku wannan? Kada kuma ku ruɗu da tunanin cewa tunda ba a san manhajarku ba, ba za a neme ta ba. Mafi yawan masu kutse ba mutane ba ne da ke zaune suna zaɓar wanda za su cuta. Manhajoji ne da ke bin shafuka dare da rana suna taɓa kowace ƙofa da sanannun dabaru, ba ruwansu da sunan wanda ya gina gidan.

Bayan tsaro akwai ƙasar da kuka yi gini a kai, wadda ita ma ba ta tsaye wuri ɗaya. Kowane zubin PHP yana da wa'adi. An daina kula da PHP 7.4 a Nuwamban 2022, kuma kod da yawa da ke tafiya lafiya a kansa ya fara tuntuɓe da aka koma na 8. Wata rana kamfanin da ke ba ku hayar saba zai aiko saƙo cewa ya ɗaga nasa, sai ku zauna ku bi manhajarku layi-layi. Sabuntawar da kuke kuka da ita ba za ta ɓace ba don kun bar WordPress. Bambancin kawai, yanzu wasu ne ke rubuta ta ku kuna dannawa, gobe ku ne za ku rubuta.

Sai kuma ƙananan abubuwan da kwastoma zai ɗauka dole akwai su, domin ya saba ganinsu a wani wuri. Ya goge labari bisa kuskure yana son a dawo masa da na jiya. Ya manta kalmar sirri da ƙarfe goma na dare. Mutum biyu sun buɗe shafi ɗaya a lokaci guda, na biyu ya taka aikin na farko. Ya kwafo rubutu daga Word ya zo da tarkacen da ya hargitsa zane. Yana son karɓar kuɗin makaranta ta Paystack ko Flutterwave, waɗanda a WordPress an riga an haɗa musu hanya. Kowane ɗaya aikin kwanaki ne ko makonni, kuma ba wanda zai biya ku kuɗinsa daban.

Haƙƙin kwastoma

Nan ne na fi so ka tsaya. Shugabar makarantar da ta ba ku aiki ba ta san bambancin wannan manhaja da waccan ba. Ku ta sani, da ku ta yarda. In kuka mayar da ita kan manhajar da ku kaɗai kuka iya, kun ɗaure ta ba tare da ta san an ɗaure ta ba. Yau in kun saɓa, akwai matasa da yawa a Kano, Kaduna ko Abuja da za su karɓi shafin WordPress su ci gaba da shi. Gobe kuwa duk wanda ta kai wa zai ce mata sai dai a rushe a sake sabo, labaran shekaru da hotuna kuma a kwashe da hannu in an samu dama. Ba ina zarginku da mugun nufi ba ne. Amma kamfani na watsewa, abokai na rabuwa, mutum na ciwo, mutum na mutuwa.

Ko manya ba su tsira daga wannan ba. Adobe, da duk girmanta, ta sayi Business Catalyst a 2009, tsarin da ƙananan kamfanonin zane da yawa suka ɗora kwastomominsu a kai. A 2018 ta sanar za ta rufe shi, a 2021 ta kashe. Masu zanen da suka dogara da shi sai da suka koma wurin kowane kwastoma suna bayanin dalilin da zai sa a sake gina shafin da aka riga aka biya. In kamfani irin wannan zai iya janye hannunsa, me za ku nuna wa kwastoma da zai sa hankalinsa ya kwanta da mutum biyar, wanda ɗaya ne kawai a cikinsu ya san cikin injin?

Ga kuma doka. Tun watan Yunin 2023 Nijeriya ke da dokar kare bayanan jama'a, da hukumar NDPC da ke sa ido a kanta. Ka ce kuna yi wa makarantu da asibitoci aiki. Da zarar shafi ya fara karɓar sunayen yara, lambobin wayar iyaye ko bayanin rashin lafiyar mutum, kun zama masu riƙe da amanar da doka ta san da ita, kuma bayanan lafiya na cikin waɗanda ta fi tsanantawa a kai. In suka zube ta ƙofar da ku kuka ƙera, ba ku da wanda za ku nuna.

Maganar kuɗi

Kukanka kan dala gaskiya ne. Kafin a saki naira a tsakiyar 2023, dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, a 2024 ta haura 1,500. Lasisin da kuke biya ba ku ji ba ya koma abin da sai an yi shawara. Amma ku zauna da takarda da biro ku yi lissafin ɗaya ɓangaren. Ku rubuta albashin mai rubuta manhaja na shekara, ba ɗaya ba, biyu, domin manhajar da mutum ɗaya ya sani ba haja ba ce, jingina ce. Ku tuna cewa yaron da ya iya wannan aiki, masu biya da dala ma suna nemansa daga inda yake zaune. Ku ƙara kuɗin saba, da na ajiyar kwafi a wani wuri daban, da na wanda zai binciki tsaronta daga waje, da lokacin rubuta littafin koyar da amfani da ita, da aikin zanen da za ku ƙi karɓa saboda hannunku na cike. Sai ku raba jimillar da yawan kwastomomin da kuke da tabbacin za su biya duk wata ba tare da an bi su ba. Kun fi ni sanin yadda karɓar kuɗin wata yake a wurin mutanenmu: wanda zai biya kuɗi mai kauri lokaci ɗaya don a yi masa shafi, shi ne za ka yi ta kira a kan ɗan abin da bai kai kuɗin man motarsa ba. In lissafin ya nuna sai kun samu kwastomomi ninkin waɗanda kuke da su kafin ku mayar da uwar kuɗi, to kun ga amsar da idonku.

Kuɗin watan da kuke nema kuwa ba ya buƙatar sabuwar manhaja. Abin da kwastoma zai biya da daɗin rai shi ne kwanciyar hankali: a ajiye masa kwafin shafinsa, a gwada sabuntawa a wani shafin gwaji kafin a taɓa na gaske, a ɗauki wayarsa in ya kira, a aiko masa da ɗan rahoto ƙarshen wata. Ku sa wa wannan hidima suna, ku yi mata tambari mai kyau tunda sana'arku ce, ku yanka mata farashi. Batun ɓata zane kuma, sau da yawa mu ne muke jawo shi, domin mukan miƙa wa kwastoma mabuɗin mai gida gaba ɗaya. Ku ba shi matsayin edita kawai, ku kulle tubalan da ba ku so a taɓa, WordPress na yanzu ta ba da damar yin haka.

Inda kuke da abin da wasu ba su da shi

Ba na so ka tashi daga wannan amsa da jin cewa aikin yaronku ya tafi a banza. Akwai gurbin da na daɗe ina fatan wani namu ya cike, kuma ba a Landan ko Chicago za a cike shi ba.

Ɗauki haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa. Mai karatu ya shiga shafin jarida ya rubuta "kasa" a wurin bincike saboda allon wayarsa ba shi da ƙ, rumbun bayanai kuma ya ɗauki k da ƙ a matsayin haruffa biyu da ba su haɗa komai ba, sai a ce masa babu sakamako alhali akwai labarai tuli a kan "ƙasa". Edita ya sa kanun da ke da ƙ, adireshin labarin ya fito da %C6%99 a tsakiya, in aka tura a WhatsApp ya yi tsawo ya yi muni. Mai zane ya zaɓi salon harafi mai kyau wanda ba a zana masa ɗ ba, sai wannan harafi ɗaya ya fito daban a tsakiyar kalma kamar haƙorin Makka. Shafin da aka kafa rumbunsa da tsohon tsarin haruffan Turai kuwa, alamar tambaya yake mayar da su gaba ɗaya. Makarantar Islamiyya tana son Hausa, Larabci da ajami a shafi guda, wani rubutun daga hagu wani daga dama. Sannan ga sakataren da ba shi da kwamfuta, da waya yake aiki, ya ɗauki hoto mai nauyi yana son ɗorawa da sabis mai zuwa yana ɗaukewa, in ya yanke a tsakiya duk abin da ya rubuta ya tafi.

Waɗannan matsaloli ku kuke ganinsu kullum. Wanda ya warware su da kyau, ya haɗa da ɗakin baya da ke magana da Hausa mai daɗi ba fassarar inji ba, yana da abin sayarwa daga Sakkwato har Damagaram. Kuma ko ɗaya daga cikinsu bai buƙaci ku sake ƙera tsarin kalmar sirri ko wurin ɗora fayil ba. Duka ana iya yin su a matsayin rufi a kan buɗaɗɗiyar manhaja.

Da ni ne a kujerarku

Da na dakatar da bikin ƙaddamarwa. Da na zauna da yaron, cikin girmamawa domin ya yi ƙoƙari, mu fitar da abubuwan da tasa ta fi WordPress a kai, waɗanda suka sa kuka so ta. Su zan sa ya mayar manhajar ƙari da rigar shafi (wato zanen da ake ɗora wa WordPress) taku ta kanku, ko kuma in ya iya Python, harshen da aka rubuta Wagtail da shi, ku gwada Wagtail a aiki guda mai zuwa ku ga yadda tubalanta suke tsare zane. Ta haka za ku rage lasisin dala, domin abin da kuke saye kun rubuta naku, ku samu abin da za ku sa wa suna, kwastoma kuma ƙofar fitarsa na buɗe. Sunan shafinsa, ko .ng ne da NiRA ke kula da shi ko .com, a yi rajistarsa da sunansa shi, ba da naku ba.

Akwai halin da zan ce ku ci gaba da taku. In kun taƙaita ta ga abu ɗaya da kuka ƙware a kai, misali makarantu kawai, da sakamakon jarrabawa da kuɗin makaranta da saƙo ga iyaye, to wannan ba gasa da WordPress ba ce, wata haja ce daban, kuma tana da ma'ana. Ko a nan sai in an ɗora ta a kan sanannen harsashi irin Django ko Laravel, mutum biyu aƙalla sun san cikinta, wani daga waje ya bincike ta, ta yi shekara cur a shafukanku uku, kuma akwai maɓallin da kwastoma zai danna ya sauke duk rubutunsa da hotunansa a tsarin da wata manhaja za ta iya karɓa. Ku kuma rubuta masa a takarda abin da zai faru da shafinsa in kamfaninku ya daina aiki.

Ka riƙe cewa ban ga kod ɗinku ba, ban kuma ga littafin asusunku ba, kuma gogewata a ƙanana da matsakaitan shafuka take. Mai yiwuwa yaronku ya fi nawa na wancan lokacin taka-tsantsan nesa ba kusa ba. Batun yarjejeniya da kwastoma da abin da dokar bayanai ta ɗora muku, lauya za ku samu, ba ni ba.

Kafin ku sake zama kan maganar, ku yi gwaji biyu a wannan makon, a kan kwafin gwaji ba shafin kwastoma ba. Ku shiga wurin bincike da kowane fom na manhajar ku rubuta kalmar 'ya'ya, da alamominta biyu. Wannan 'yar alama da muke sawa a 'yan da 'ya'ya ita ce dai wadda masu kutse ke fara jefawa don su ga ko rumbun bayanai zai ruɗe. In shafin ya fito da saƙon kuskure ko ya yi fari fat, to ƙofa a buɗe take, kuma shafukan nan uku ma sai an duba su da gaggawa. Na biyu, ku nemo wani mai rubuta manhaja da bai taɓa ganinta ba, ku biya shi kuɗin yini guda, ku ba shi kod ɗin da duk bayanin da ke rubuce, ku ce ya kafa ta a sabuwar saba ya ƙara mata ɗan abu ɗaya, amma kada ya kira yaronku ko sau ɗaya. Ka rubuto mini yadda aka kwashe, daga nan sai mu san ta inda za mu ɗora.